Na Yi Niyyar Kayar da Majistare

Shagona yana kallon kotun majistare ta Isa, titi ne kawai tsakaninmu. Ni mutumin Sabon Birni ne, neman abinci ya kawo ni Isa tun gemuna bai fara furfura ba. Aikina buga takardu. Da tafireta na fara, daga baya na samu kwamfuta da firinta da wani ƙaramin janareta mai yawan tari. Wanda shanu sunka ci wa gero, wanda maƙwabci ya ci wa iyaka, wanda ke neman belin ƙanensa, duk ta wurina suke biyowa kafin su tsallaka titi. Har magatakardan kotu, in na'urarsu ta ƙi aiki, kuma ta fi ƙi a kan yi, nan yake kawo sammaci da takardun ranar zama in buga musu.

A wancan lokaci ina fama da wata cuta, ita ce son Turanci. Ina da wani tsohon ƙamus wanda bangonsa ya fita, kullum yana gefen hannuna. Mutum zai shigo ya ce mini, "Malam, shanu sun shiga gonata," ni kuma in mayar da wannan magana shafi biyu cur. Mutane suna so. In na miƙa musu takardar sai su auna ta a hannu, su ji nauyinta, su fita suna tafiya kamar an riga an ba su gaskiya.

Sai anka kawo mana sabon majistare. Siririn mutum ne mai gilashi, ba ya dariya, ba ya kuma tsayawa hira. Da ƙafa yake zuwa aiki daga gidan da anka ba shi, riƙe da baƙar laima ko ana rana ko ba a yi. Bai cika wata biyu ba ya aiko masinjan kotu ya kira ni. Na ɗauka aiki ne, har na sa hulata ta zuwa biki.

Na tarar kotu cike. Wani manomi daga Turba ya kawo ƙarar wani makiyayi, ni na buga masa takardar. Majistare ya ɗaga ta sama da yatsu biyu.

"Kai ka rubuta wagga takarda?"

Na ce, "Ni ne, ranka shi daɗe."

"To, mai ita ba ya jin Turanci. Karanta masa da Hausa, layi-layi, mu ji tare."

Na gyara murya na fara. Na ce shanun sun auka wa gonar ba tausayi ba imani, sun shafe gumin shekara guda, sun jefa iyalin mai ƙara cikin yunwa da wulaƙanci, sun kuma tozarta gadon kakanninsa. Ina cikin haka manomin ya ɗaga hannu.

"Wa? Ni? Ranka shi daɗe, ni ban ce hakanga ba. Kunya huɗu sunka ci. Ta biyar ɗin taka ta dai sunka yi. Kuma gonar ba gado ba ce, aro ce."

Kotu ta fashe da dariya. Makiyayin da ake ƙara har da riƙe ciki. Majistare kaɗai ne bai motsa ba. Ya sa biro a kan wata doguwar kalma da nake ji da ita, wadda ba na buga takarda ban sa ta ba, ya ce in faɗa wa jama'a ma'anarta. Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Ranka shi daɗe, ita wannan ado ce."

Nan take ya kafa mini doka. Duk takardar da ta fito daga shagona, sai na karanta wa mai ita da Hausa, ya yarda, sannan ya dangwala yatsa. Na fito ina jin hular nan ta yi mini nauyi. Kafin la'asar labari ya kai tasha. Shekara da shekaru in na zauna wurin mai shayi sai wani ya ce, "A zuba wa Malam sukari kunya huɗu." Na yi dariya tare da su, don ba yadda za ni yi, amma na ajiye abin a raina, na lulluɓe shi da kyau.

Ya yi shekarunsa a Isa. Dole in faɗi abu ɗaya ko ba na so: lokacin da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, ma'aikata da yawa sunka koma Sakkwato sai dai su leƙo ƙarshen wata, shi bai tafi ba. Kullum za ka gan shi da laimarsa. Daga baya anka yi masa ƙarin girma anka mayar da shi birni, ni kuma na ce a raina Allah ya raka taki gona.

Ina da taubashiya, ɗiyar gwaggona ta Tsamaye. Tun muna yara nake gaya mata cewa ita baiwata ce, tunda ni ɗan namiji ne ita ɗiyar mace. Ita kuma ta tafi ta yi karatun lauya, don ta samu bakin musa mini, in ji ni. Wata ranar Litinin da hantsi sai ga ta a ƙofar shago, ta sauko daga motar haya, ƙura har gira, tana jan jaka.

Na ce, "Lale da baiwata. An sallame ki daga birni ne?"

Ta ce, "Tashi ka ba ni kujera, tsoho. Aiki na kawo maka, kuma na Allah ne."

Ta sha ruwa ta yi mini bayani. Su wasu matasan lauyoyi ne, maza da mata, sunka haɗa kansu suna bin diddigin yadda ake naɗa alƙalan kotun tarayya. Ta ce irin wannan alƙali ba ƙuri'a ke kawo shi ba. Wata hukuma ce ke tace sunaye ta miƙa sama, kuma in mutum ya hau kujerar nan, in ba wani babban abu ba, sai tsufa ya sauke shi. Sun daɗe suna matsawa a riƙa buga sunayen tun kafin naɗi, don wanda ya san wani abu ya faɗa. Suna son a riƙa sa mata, a kuma riƙa duba waɗanda sunka yi aiki a ƙananan kotuna sunka san talaka, ba 'ya'yan manya kaɗai ba. A wannan karon an buga sunayen, an ba jama'a 'yan kwanaki su rubuto.

Na ce, "Mu da ke nan, mi ya haɗa mu da kotun tarayya? Mu ko ƙofarta ba mu sani ba."

Ta ce, "Ran da anka kwashe ƙanenka a samame anka tsare shi wata da watanni ba shari'a, ina kake tsammanin za ni kai kuka? Gaban irinsu ne. To gara mu san wa za a zaunar tun bai zauna ba. Masu rubutowa duk manyan lauyoyin birni ne, ba wanda ya taɓa tambayar mutanen da sunka tsaya gaban alƙalin."

Ta buɗe jaka ta miƙo mini jerin sunayen. Ina bi da yatsa, sai ga shi. Mai laima. Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har tafin ƙafa, irin na wanda ya sha ruwan randa bayan doguwar tafiya.

Ta ce, "Mi ya sa kake murmushi?"

Na ce, "Kishin ƙasa ne."

Abin da take so mai sauƙi ne. Za ta zauna a shagona kwana uku, har da ran kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mutumin nan ya zo ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi, ni in buga, ita ta haɗa rahoto. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba wanda ya san mutanen nan kamar ni.

Da ta tafi gidana ta huta wurin matata, na ja ƙofar shago na zauna. Kafin la'asar na buga wasiƙu uku. Ta farko daga wasu manoma masu kishi, ta biyu daga wasu iyaye mata da ransu ya ɓaci, ta uku daga wani dattijo da ya ce ba ya son a san shi. Duk ukun sun haɗu a kan cewa mutumin nan mai girman kai ne, mai tozarta masu sana'a a bainar jama'a. Na canza wa kowace irin rubutunta. Ɗaya ma na ɗan murza ta a hannu na goga mata ƙasa, don ta yi kama da wadda ta sha hanya.

Da safe na ajiye mata su a tebur, na ce an turo su ta ƙarƙashin ƙofa. Ta karanta ta farko shiru. Ta karanta ta biyu tana taɓe baki. A ta uku sai ta ɗago kai, ta sa farce a kan doguwar kalmata.

"Wannan kalmar, a duk gabashin Sakkwato mutum ɗaya ne ya san ta, shi ma bai san ma'anarta ba. Kuma ga ta a duk ukun. Iyaye matan nan sun yi karatu, ma sha Allah."

Na ce, "Kalma ai ba ta da mai ita."

Ta ce, "Kawo su su dangwala yatsa, da manoman da matan da dattijon. Ina nan zaune."

Ta ninke su ta sa a jakarta, ta ce za ta kai wa gwaggo ta karanta mata da Hausa. Sai da na haɗa ta da girman zumunta sannan ta fiddo su ta ba ni, na yaga da hannuna.

Ban karaya ba. Na ce tunda ƙarya ta ƙi, bari in nemo gaskiya mai zafi. Na san duk wanda ya taɓa faɗuwa shari'a a gaban mutumin nan, don ta hannuna takardunsu sunka bi. Na hau babur na zaga gari. Waɗanda sunka ci shari'a kuwa, na manta hanyar gidajensu.

Sun zo, amma ba su yi mini aikin da nake so ba. Wani ya ce an ci shi tara, amma dai shi ma ya san akuyarsa ce. Wani ya ce mutumin ba ya amsa gaisuwa da kyau. Taubashiyata tana rubutawa tana hamma. Babban abin da na dogara da shi wani ardo ne na wajen Turba, dogon dattijo mai farin rawani, wanda na san ya daɗe yana jin haushin majistaren. Ya shigo ran kasuwa, ya jingine sandarsa, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma.

Ya ce, "Mutumin nan ya kunyata ni, ɗiyata. Yaranmu sunka yi ɓarna a gonar wani, magana tana gabansa. Na ce bari in gaishe shi irin ta manya. Na zaɓi rago, ba ƙarami ba, na aika gidansa. Wanshekare ran kasuwa kamar yau, da rana tsaka, sai ga masinjan kotu yana jan ragon nan ta tsakiyar kasuwa, yana tambayar kowa ina ardo yake, alƙali ya ce a mayar masa da abinsa. Ragon yana kuka, mutane suna bin su. Har wurin masu nono anka same ni."

Na buga da sauri. Na rubuta cewa mai neman kujerar ba ya ganin girman shugabannin al'umma, yana wulaƙanta su a kasuwa. Ragon kuwa na bar shi waje, na ga ba shi da wurin zama a takardar hukuma. Sai dai na riga na saba da dokar nan tasa. Ina cire takarda daga firinta sai na ji bakina ya fara karanta masa da Hausa, ba wanda ya ce in yi. Ardo ya saurara har ƙarshe.

"Ina ragon?"

Na ce, "Baffa, ai ragon ba shi ne maganar ba."

"Shi ne maganar. In ka cire rago, mi ya rage? Sa shi. Ka sa kuma cewa da ya zo yanke hukunci, da ƙafarsa ya je gonar, ya ga manomin ma ya cinye rabin burtali, ya sa shi ya ja baya. Ni dai ina jin haushinsa har gobe, wannan ma ka sa."

Taubashiyata ta sunkuyar da kai tana rubutu, kafaɗunta suna rawa. Na sa rago.

Ana gab da azahar, ina shirin fid da rai, wata tsohuwa ta leƙo. 'Yar ƙarama ce, da tiren daddawa a kai. Ban kira ta ba, a kasuwa ta ji ana cewa ana karɓar magana a kan tsohon majistare. Ta ce ita mutuniyar Kamarawa ce, amma tun da 'yan bindiga sunka sa zama ya gagara can ta dawo cikin Isa wurin ɗiyarta. Ta sauke tire, shago ya ɗauki ƙamshi.

Ta ce tana da 'yar gona da mijinta ya bar mata. Maƙwabcinta ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya shigo mata da garma. Ta kawo ƙara, anka ba ta takardar ranar zama. Ba ta karatu, malamin makarantar ƙauyensu ya duba mata ya ce Alhamis. Ran Alhamis ta fito tun da sassafe, a lokacin da ba kowa ke yarda ya hau hanyar ba. Da ta iso anka ce mata ai jiya Laraba anka kira ƙararta, ba ta nan, an kore ta.

"Na zauna bakin ƙofa har ya tashi. Da ya hito na tare shi, na miƙa mishi takarda, na ce ranka shi daɗe duba, Alhamis anka rubuta min. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, Iya, an rufe wannan magana, ki ga magatakarda. Ya buɗe laimarshi ya wuce. Magatakarda ya ce sai dai in sake sabuwar ƙara. Ni ina na ga ƙarfin wannan? Na koma gida. Gonar tana hannun mutumin har munka watse."

Taubashiyata ta daina dariya. Ta ce, "Inna, takardar tana nan?"

Tsohuwa ta kwance bakin zane, ta fiddo leda, cikin leda wata leda, ta zaro takardar a ninke ta yi laushi. Taubashiyata ta duba, ta tsallaka titi wurin magatakarda, ta dawo ta ce littafin kotu Laraba ya ce, takardar tsohuwa kuma Alhamis. Ta miƙo mini ita in yi hotonta a injin fotokwafi.

Ni kuwa zuciyata fari ƙal. Ga abin da nake nema kwana uku ya kawo kansa da tiren daddawa. Na shimfiɗa takardar a kan gilashin injin, sai idona ya sauka ƙasanta. Taurari uku ƙanana a jere. Ni ke sa su a duk abin da na buga, don a san aikin gwani. Nan take na gane yadda anka yi. In magatakarda ya kawo takardu da yawa, ba na fara kowace daga farko, a kan ta baya nake bugawa, in canza suna in canza rana. A tata na canza suna, na bar ranar wani.

Na rufe murfin injin da sauri. Taubashiyata ba ta lura da taurarin ba. Tsohuwa ba ta san da su ba. Magatakardan da ya kawo aikin ya daɗe da yin ritaya. Na zauna na buga bayaninta, kuma wannan karon ban ƙara ko gishiri ba, don maganar ba ta bukata. Na karanta mata da Hausa. Ta gyaɗa kai, ta miƙo yatsa na shafa masa tawada.

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kai dai tun da nake zuwa nan ban taɓa ganin sharrinka ba."

Da ta zage ni da na iya daurewa. Na riƙe yatsan nata a sama, ban kai shi takarda ba.

Na ce, "Inna, dakata. Alhamis ɗin nan ni na buga ta."

Na yi musu bayani, ina kallon tiren daddawa don ya fi sauƙin kallo. Tsohuwa ta zare yatsanta daga hannuna, ta dube shi, ta dube ni, sannan ta dangwala mini shi a tsakiyar goshi, ta murza.

"Ashe kai na! Shekara nawa ina wucewa ina gaishe ka!"

Na ce, "Ki gafarce ni, Inna. Sai a cire maganar alƙalin, tunda laifin nawa ne."

"A cire mi? Kai ka ɓata rana, shi ya ƙi dubawa. Da ya tsaya ya duba, da ya gani. Kowa da nashi. Zauna ka rubuta naka a ƙasan nashi, kuma ka karanta min in ji."

Taubashiyata ta jawo mini kujera da ladabin da ban taɓa gani wurinta ba. Ta ce, "Bismilla, ubangidana." Na zauna da tawada a goshi na buga bayani a kaina. Na so in ce kuskure ne irin na na'ura, tsohuwa ta ce na'ura ba ta da hannu. Na so in ce aiki ne ya yi yawa a ranar, ta ce ita ma aiki ta baro a gida. Sai da ya koma layi huɗu, ba inda za a ɓuya a cikinsu, sannan ta yarda.

Wanshekare taubashiyata ta bi ayarin motoci ta koma. Ta gaya mini abin da za su rubuta: mutumin ba ya karɓar abin hannu, yana zuwa ya gani da idonsa, bai gudu ya bar kujerarsa ba, sun goyi bayan a naɗa shi. Amma yana da gaggawar rufe magana, kuma ga abin da gaggawar ta jawo wa wata tsohuwa, a tambaye shi a kai. Bayanina ma yana ciki, da sa hannuna.

Bayan 'yan makonni, ina cikin cin ɗanwake a shago, wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Ina magana da mai shagon buga takardu na gaban kotu?"

Muryar mai laima ba ta canza ba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, da cokali a hannu. Na ce, "Shi ne, ranka shi daɗe."

Ya ce ya shiga gaban masu tantancewa, sun yi masa tambayoyi a kan dokoki ya amsa, sai wani daga cikinsu ya jawo takarda ya tambaye shi labarin wata tsohuwa daga Kamarawa. Sannan ya ce mini, "Ban tuna ta ba. Na yi ta ƙoƙari, ban tuna fuskarta ba. Wannan ya fi damuna a kan tambayar. Tana da rai?"

Na ce tana nan, daddawarta ma ta fi ta kowa. Ya ce yana son magana da ita. Game da nawa bayanin kuwa, abin da ya ce kawai shi ne, "Na karanta naka. Na gane kowace kalma." Har yau ban sani ba ko yabo ne.

Na kai mata wayar gidan ɗiyarta da yamma. Na same ta a tsakar gida tana dunƙula daddawa. Na ce ga alƙali a waya. Ta ce ya jira ta gama wannan layin. Ya jira. Ta wanke hannu, ta goge a zane, ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta. Ban ji abin da yake cewa ba, nata kawai nake ji. "I." "Haka anka yi." "A'a, ba ka yi tsawa ba, wucewa dai ka yi." Can ta ce, "Na yahe maka, duniya da lahira. To, gonar fa?" Ta saurara, ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Wai yanzu ba shi da iko a kanta. Girma ya ƙaru, iko ya ragu. Allah shi kyauta."

Da sunayen waɗanda anka naɗa sunka fito, babu nasa. Taubashiyata ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce an sa alƙalai mata biyu a jerin, wannan ya yi musu daɗi, amma shi sun so ya shiga. Na tambaye ta ko takardarmu ce ta kayar da shi. Ta ce ba mai iya sani, masu nema sun fi kujerun yawa, kuma ba a faɗin dalili, wannan ma yana cikin abin da suke faɗa a gyara. Na ajiye waya ina jiran daɗin da na yi shekaru ina tanadi. Bai zo ba. Duk da haka da na je wurin mai shayi na sanar da majalisa cewa ni nan da suke gani na hana mutum zama alƙalin tarayya. Ardo yana wurin, ya shigo gari sayen gishirin shanu. Ya ce, "Ba kai ne anka dangwala wa tawada a goshi ba?" Na ce shayin ya yi zafi, na mayar da hankali kansa.

Ita taubashiyata ba ta saki maganar gonar ba. Ta rubuto takardar neman a dawo da ƙarar, ni na buga, na duba ranar sau uku, na kuma sa matata ta duba. Sabon majistare ya karɓa. Da anka nemi maƙwabcin, sai ga shi a cikin Isa shi ma, yana zaune a wani kango bayan tasha da iyalinsa, yana dako a kasuwa. Gonar da sunka yi rigima a kanta ta shekara biyu ba wanda ya sa mata fartanya, da nata da nasa duk ciyawa ta haɗe su. Ya zo kotu ya ce shi ba ya ja, a mayar da iyaka inda take, in Allah ya mayar da su gida da hannunsa zai dasa gambar. Tsohuwa ta ce ba ta yarda da hannunsa ba, sai tana tsaye.

Da damina ta faɗi, hanya ta ɗan yi sauƙi, mutanen Kamarawa sunka fara komawa shuka da rana su dawo kafin magariba. Na gan su a tasha da safe, ita da maƙwabcin, za su shiga mota ɗaya. Yana ɗauke da buhun irinta a kai, tana biye tana gaya masa ya yi a hankali kada ya zubar. Direban ya ba ni labari daga baya cewa tun daga tasha har Kamarawa faɗa suke a kan wanda zai zauna gefen taga.